Yadda Ake Shirya Darasin da Ɗalibai Ke Gano Ƙa'ida da Kansu: Kewayen Da'ira da Zare, Rula da Waya Ɗaya

Duk malamin da ya ratsa kwalejin ilimi ya ji labarin ra'in gina ilimi, wanda yake cewa yaro yana gina sabon sani ne a kan abin da ke kansa tun da farko, kuma abin da aka zuba masa ba tare da ya haɗu da wancan tushe ba, ba ya daɗewa. An rubuta wannan a jarrabawa an ci, amma da aka tsaya gaban yara saba'in da guntun alli a hannu, akasarinmu sai mu koma ga rubuta ƙa'ida a allo mu ce a kwafa. Wannan bayani na malamin da yake son ya gwada hanyar a aikace ne. Na ɗauki darasi guda, wato dangantakar kewayen da'ira da faɗinta, wanda ake koyarwa a ƙarshen firamare da farkon ƙaramar sakandare, saboda kayansa ba su da tsada, sakamakonsa tabbatacce ne, kuma wayar hannu tana da aiki bayyananne a cikinsa. Darasin yana cin mintuna 80, ko dai a haɗe ko a raba shi kwana biyu.

Kayan da za a tanada

Abubuwa masu da'ira, uku ga kowane rukuni, kuma girmansu ya bambanta sosai: gwangwanin madara ko na tumatir, kwanon sha, murfin tukunya, murfin bokiti, tire. Ka guji murfin kwalba da duk abin da faɗinsa bai kai santimita 6 ba, domin kuskuren milimita biyu a kan ƙaramin abu yana lalata lissafi gaba ɗaya. Ka kuma guji kwanon da ya lotsa. Faifai yana da kyau a ido, sai dai saƙar hannu ce, ba kasafai yake zama cikakkiyar da'ira ba, don haka ka zaɓi mai kyau ko ka bar shi.

Kirtani ko zaren ɗinkin buhu, kimanin mita ɗaya da rabi ga kowane rukuni. Kada ka yi amfani da zaren ulu ko wani abu mai talewa.

Rula mai santimita 30 ga kowane rukuni, da tef ɗin tela ɗaya ko biyu na aji duka. Sai biro na yi wa zare alama, takarda, alli, da littattafai biyu masu kaurin bango ga kowane rukuni.

Dogon kofin gilashi ko gwangwani mai tsayi guda ɗaya, wanda da shi za ka buɗe darasin, da keke ko tayarsa na mataki na 8.

Waya ɗaya mai Android, ta malamin, da manhajoji biyu a cikinta: ɗaya ta jadawalin lissafi, kamar WPS Office ko Excel ko Google Sheets, ɗayar kuma GeoGebra, manhajar zana siffofin lissafi da auna su, wadda Markus Hohenwarter ya fara a jami'ar Salzburg ta ƙasar Ostiriya a 2001, kyauta ce, kuma da zarar an sauke ta tana aiki ba da data ba.

Yawancin kayan nan yaran ne za su kawo daga gida. Ka sanar da su kwana biyu kafin darasin, ka kuma riƙe wasu naka a jaka, domin ba a rasa rukunin da zai zo hannu rabbana. Malaman da suka halarci bitar SMASE, shirin inganta koyar da lissafi da kimiyya da aka fara a Najeriya a 2006 da tallafin hukumar JICA ta Japan, sun saba da wannan ɗabi'a ta haɗa kayan koyarwa daga abin da ke kusa.

Mataki na 1: Ka yi darasin kai kaɗai tukuna

Daren jajibiri ka zauna da kayan ka auna kowane ɗaya da hannunka, ka rubuta faɗi da kewaye a takardar da za ka ɓoye a aljihu. Amfanin wannan shi ne idan rukuni ya ce maka faɗin murfin tukunya santimita 12 ne, kai ka san 14 ne, ka kuma san inda za ka kai idonka. A daren nan ne kuma za ka shirya waya. Ka buɗe sabon jadawali mai ginshiƙai huɗu: sunan abu, faɗi, kewaye, da kewaye a raba da faɗi. A gidan farko na ginshiƙi na huɗu ka rubuta =C2/B2, ka ja shi ƙasa har layi talatin. A GeoGebra ka zana da'ira da kayan zane mai neman tsakiya da ɗigo ɗaya a gefe, wadda manhajar kan sa wa suna c, sannan a wurin rubutu ka shigar da a=Circumference(c), sai b=2*Radius(c), sai a/b. Ka ja ɗigon gefen ka tabbatar lambobi biyun farko suna canzawa, ta ukun kuma tana nan daram, sannan ka adana aikin.

Ka cika wayar da caji, ka sa ta a yanayin jirgin sama kafin ka shiga aji, don kada kira ko saƙon gida ya faɗo a gaban yara. Ka kuma sanar da shugaban makaranta cewa za ka fito da waya a aji da dalilin hakan, musamman inda dokar makaranta ta hana.

Mataki na 2: Raba aji rukuni-rukuni

Yara biyar ko shida a rukuni sun isa. A aji mai cunkoso inda ba a iya juya benci, 'yan bencin gaba su juyo su fuskanci na bayansu, shi ke nan an sami rukuni. Ka ba kowa aikinsa da suna: mai riƙe abu, mai naɗa zare, mai karanta rula, mai rubutu, mai magana da yawun rukuni, kuma su yi musaya idan an koma kan abu na biyu. In ba ka yi haka ba, yaro ɗaya mai kaifin kai zai ƙwace kayan, sauran su zama 'yan kallo, kuma a ajin da ke haɗe maza da mata sau da yawa matan ne ake bari da rubutu kawai. Ka gauraya masu ƙoƙari da masu rauni, amma kada ka haɗa gwanin aji da wanda bai iya karanta rula ba su biyu kaɗai a kan aiki ɗaya, domin tazarar ta yi yawa.

Mataki na 3: Tono abin da ke kansu (mintuna 10)

Kada ka rubuta kan darasi a allo, kada kuma ka ambaci 22/7, wato lambar da aka saba ninka faɗi da ita a sami kewaye. Ka ɗaga dogon kofin nan ka tambaya: tsayinsa daga gindi zuwa baki, da zagayen bakinsa, wanne ya fi tsawo? Kowa ya rubuta amsarsa a littafi kafin a ɗaga hannu, domin idan ka bari aka fara da ɗaga hannu, rabin aji za su jira su ga inda gwanin aji ya nufa su bi shi. Yawanci za su ce tsayin ya fi. Ka kira yaro ɗaya ya naɗa zare a bakin kofin, ya danne wurin da zaren ya haɗu da farcensa, ya warware ya jingina shi da tsayin kofin. Kofi mai tsayin santimita 15 da faɗin baki 7 yana da kewayen santimita 22, don haka zaren zai zarce bakin kofin da tsawon yatsa guda. Za ka ji aji ya ɗauki surutu, wani ma ya ce an ja zaren. Ka ba shi ya maimaita da hannunsa.

Sannan ka yi tambaya ta biyu, wadda ita ce darasin: idan na san faɗin bakin abu, zan iya faɗin tsawon zaren da zai zagaye shi ba tare da na naɗa ba? Faɗin sau nawa ne zai ba da zagayen? Ka rubuta duk hasashen da aka bayar a kusurwar allo, ko da sau biyu ne ko sau goma, ba tare da ka nuna a fuskarka wanne ya yi kusa ba. Za ka ji "sau biyu" da yawa. Za ka kuma ji wanda zai ce ya danganta da girman abin, wai babban abu ninkinsa ya fi yawa. Ka ja layi ƙarƙashin wannan, domin shi ne tunanin da ya fi wuyar kawarwa, kuma shi waya za ta yi wa aiki daga baya.

Abin da malami yake buƙata daga Jean Piaget, masanin nan ɗan ƙasar Suwizalan da ya rayu daga 1896 zuwa 1980, yana cikin wannan mataki. Ya nuna cewa yaro yakan cusa sabon abu cikin tsohon tunaninsa matuƙar zai shiga, kuma ba ya sake fasalin tunanin sai ya ci karo da abin da ya ƙi shiga. Zaren da ya zarce kofi shi ne wannan karo. Malamin da ya tsallake matakin ya fara da ƙa'ida, yaransa za su haddace 22/7 su ci jarrabawa, amma idan ka nuna musu kofi bayan wata guda za su sake cewa tsayin ya fi.

Mataki na 4: Aunawa (mintuna 25)

Nan ne aikin yake, kuma nan ne malami ya fi gajiya, domin ba zama zai yi ba. Umarnin da za ka bayar gajere ne: ku auna faɗin kowane abu da kewayensa a santimita, ku rubuta, sannan ku ɗauki zaren kewayen ku gwada shi a kan faɗin ku ga sau nawa zai shiga. Wannan gwaji na ƙarshe ya riga rabawa da lamba muhimmanci. Yaron da ya shimfiɗa zare a kan bakin kwano sau ɗaya, sau biyu, sau uku, ya ga ɗan guntu ya rage a hannunsa, sannan ya ga guntun ya sake ragewa a kan murfin bokiti, ya riga ya kama ƙa'idar tun kafin a sa mata suna.

Kurakuran da za ka gani kusan iri ɗaya ne a kowane aji, kuma kowanne yana barin alamarsa a lamba. Na farko shi ne auna faɗi ba ta tsakiya ba. Yaro zai ɗora rula a gefe ya sami 12 maimakon 14, kewayen kuwa 44, rabawar ta ba da 3.67. Duk lokacin da lamba ta haura 3.3, fara duba faɗin. Maganinsa shi ne a tsayar da littattafai biyu a gefe da gefen abin, su matse shi suna kallon juna a miƙe, a auna tazarar da ke tsakaninsu. Wata hanyar ita ce a zana bakin abin a takarda, a yanke, a ninke gida biyu daidai, layin ninkin shi ne faɗin.

Na biyu shi ne fara awo daga lamba 1 a kan rula maimakon sifili. Gwangwani mai faɗin 7 da kewayen 22 sai ya koma 8 da 23, rabawar ta ba da 2.88. Ɗan'uwan wannan kuskure shi ne farawa daga bakin rula, alhali yawancin ruloli suna da ɗan fili kafin sifili. Na uku shi ne haɗa inci da santimita, domin tef ɗin tela yana da su duka biyu, kowanne a fuska ɗaya, sai a auna faɗi da fuska ɗaya kewaye da ɗayar. Na huɗu yana faruwa da kwano da bokiti masu faɗin baki da tsukakken gindi: a auna faɗi a baki, zare kuma ya zame zuwa ciki. Na biyar shi ne kewayen da ya fi rula tsawo, inda yara ke ɗaga rula su sake ɗorawa ba tare da sun yi wa zaren alama ba.

Idan ka ga kuskure, ka danne zuciyarka kada ka karɓi rular ka gyara. Ka yi tambaya: "A ina rularku ta fara?" Ko kuma: "Ku matsar da rular sama kaɗan, ƙasa kaɗan, a ina lambar ta fi girma?" Wannan tambaya ta biyun takan sa yara su gano da kansu cewa faɗin shi ne layi mafi tsawo da ke ratsa da'ira, abin da da ka faɗa musu da baki da ya wuce ta bayan kunne. Lev Vygotsky, masanin Rasha da ya rasu a 1934 yana da shekara 37, ya yi magana kan tazarar da ke tsakanin abin da yaro zai iya shi kaɗai da abin da zai iya idan wanda ya fi shi ya tallafa masa, ya ce a cikin wannan tazara ake koyo. Wanda ya yi makarantar allo ya san yadda gardi ke biya wa ƙolo karatu, ya ɗora shi a kan kalmar da ta kakare masa, sannan ya yi shiru ya bar shi ya ƙarasa. Gwargwadon taimakon da ake so ke nan: a ba da abin da zai motsa yaro, a janye da zarar ya motsa.

Rukunin da ya gama da wuri kada ya zauna. Ka tura su waje su zana babbar da'ira a ƙasa da turke da igiya, su auna ta. Surutu kuwa zai yi yawa, kuma ba laifi ba ne matuƙar a kan zare da rula ake yinsa, amma kyautatawa ce ka gaya wa malamin ajin maƙwabta tun da safe.

Mataki na 5: Tattara sakamako a allo da waya (mintuna 10)

Sai yanzu waya za ta fito. Ka zana jadawali a allo mai ginshiƙai irin na wayar. Mai magana da yawun kowane rukuni ya zo ya rubuta faɗi da kewaye a allo, yaro ɗaya kuma, ba kai ba, ya riƙa shigar da su a waya yana karanto abin da ginshiƙi na huɗu ya bayar. Allon zai yi kama da haka:

gwangwani: faɗi 7, kewaye 22, rabawa 3.14
kwanon sha: faɗi 18, kewaye 56, rabawa 3.11
murfin tukunya: faɗi 24, kewaye 76, rabawa 3.17
murfin bokiti: faɗi 30, kewaye 94, rabawa 3.13
ƙaramin murfi: faɗi 12, kewaye 44, rabawa 3.67

Dalilin ba wa waya rabawar shi ne, layi talatin na doguwar rabawa da hannu zai cinye sauran lokacin, hankalin yara kuma ya bar da'ira ya koma kan ragowar lamba. Duk da haka kowane rukuni ya yi rabawa ɗaya da hannu kafin waya ta faɗi tata, don su san ba tsafi take yi ba. Kada ka goge layin da ya kauce, irin na 3.67 ɗin nan. Ka bar shi, zai yi amfani. Idan kana son ka ajiye aikin, ka ɗauki hoton allon da na hannuwan yara a kan kayan, amma kada ka ɗauki fuskokinsu ka watsa a WhatsApp ko Facebook ba da izinin makaranta da iyaye ba.

Mataki na 6: Muhawara, sannan ka faɗi ƙa'idar (mintuna 15)

Ka tambaya: me kuka lura da shi? Ka jira, ko da shirun ya yi tsawo. Wani zai ce duk sun fara da uku. Ka mai da su kan hasashen da ke kusurwar allo, su da kansu su soke waɗanda suka faɗi. Wani yaron zai gwada ɗebewa maimakon rabawa, ya ce a ƙara 15 a kan faɗi, domin 22 a ɗebe 7 ya ba da 15. Ka ce a gwada a kan kwano: 56 a ɗebe 18 ya ba da 38, ka ga ɗebewa ba ta tsaya wuri ɗaya ba, rabawa ce ta tsaya. Sannan ka nuna layin 3.67 ka ce, ko dai wannan murfi ya saɓa wa sauran da'irori, ko kuma akwai abin da ya faru wajen awo, wa zai zo ya duba? A sake aunawa a gaban kowa, a sami 14, lambar ta dawo 3.14. Ka yaba wa rukunin da ya yi kuskuren, domin idan aka yi musu dariya, gobe kowa zai riƙa gyara lambobinsa a ɓoye su dace da na maƙwabci.

Bayan wannan ka tsaya gaban allo ka koyar kai tsaye, ba tare da jin kunya ba. Ka ce lambar nan da kuka samo tana da suna, π, ana furta ta "pai", ƙimarta 3.14159 ce da ci gaba ba iyaka, kuma 22/7 kusantarta kawai ya yi, domin shi 3.1428 yake bayarwa. Ka rubuta cewa kewaye daidai yake da π sau faɗi, ka ba su kalmomin Turancin da za su gani a littafi da jarrabawa, ka yi misali biyu a allo daga farko har ƙarshe, su kwafa. Idan da sarari ka gaya musu cewa masanin lissafi Arkimidis na birnin Sirakus a tsibirin Sisili, a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa alaihis salam, ya yi amfani da siffofi masu gefe 96 ya nuna lambar tana tsakanin 223/71 da 22/7.

Na jaddada wannan ne saboda kuskuren da ya fi yawa ga masu sabon shiga wannan hanya shi ne ɗaukar cewa malami ba ya faɗin komai. A 2006 masana uku, Kirschner da Sweller da Clark, sun wallafa wata maƙala da ta yi suna, inda suka kafa hujja cewa barin mai koyo sabon shiga ya lalubo abu ba da isasshen jagoranci ba yana cika masa kai ya bar shi da ruɗani. A ganina gaskiyarsu ce a kan wannan. Babu yaron da zai gano sunan π ko dalilin da ya sa ba ta ƙarewa ta hanyar naɗa zare. Abin da zare ya yi shi ne ya share wa bayaninka wurin zama.

Mataki na 7: GeoGebra (mintuna 10)

Akwai tambayar da zare ba zai iya amsawa ba: me ya sa wani ya sami 3.11 wani 3.17, kuma anya da'ira mai girman gari ba za ta ba da wata lamba dabam ba? Ka buɗe zanen da ka adana, ka kira rukuni-rukuni zuwa teburinka, minti ɗaya ga kowanne, sauran kuma suna aikin misalan allo. Yaro ya sa yatsansa ya ja ɗigon gefen, da'ira ta kumbura ta tsuke, kewaye da faɗi suna ta canzawa, lamba ta ukun ba ta motsi. Kafin ya ja, ka sa ya faɗi abin da yake zaton zai faru, kuma ka fara da yaron nan da ya ce babban abu ninkinsa ya fi yawa.

Yatsan yaro ne zai ja, ba naka ba. Seymour Papert, wanda ya yi aiki da Piaget a Janiba kuma yana cikin waɗanda suka ƙirƙiri harshen kwamfuta na yara mai suna Logo a 1967, matsayinsa shi ne yaro ya riƙa sarrafa kwamfuta maimakon kwamfuta ta riƙa sarrafa yaro. Bidiyon da ke bayanin π, komai kyansa, lacca ce ta wani malamin a cikin ƙaramin gilashi, kuma idan ka kunna shi a farkon darasi ka kashe tambayar tun ba a yi ta ba. Yawan na'ura ma ba ya cike gurbin tsari. Ƙasar Peru ta raba wa 'yan firamare dubban ɗaruruwan ƙananan kwamfutoci a shirin kwamfuta ɗaya ga kowane yaro, amma binciken da Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya fitar a 2012 a kan makarantun karkara 319 bai sami ƙarin maki a lissafi ko harshe ba bayan wata 15.

Idan makaranta tana da majigi ko talabijin da wutar sola, ka haɗa wayar kowa ya gani lokaci ɗaya, amma har yanzu yara su riƙa fitowa suna ja. Idan babu waya sam, ka zana da'irori uku a fili da turke da igiya, masu faɗin mita 1 da 2 da 4, a auna, sannan a sa sakamakon aji duka a girafi a allo, faɗi a kwance kewaye a tsaye. Ɗigogin za su jeru a kan miƙaƙƙen layi, kuma wannan layi yana faɗin abin da GeoGebra ke faɗi, sai dai ya fi cin lokaci.

Mataki na 8: A kai ƙa'idar inda ba a koye ta ba (mintuna 10 da aikin gida)

Lambar da masu sayar da hula ke faɗi, 22 ko 23, zagayen kai ne a inci. Ka tambayi yara faɗin bakin hula mai lamba 22, su lissafa su sami inci 7, sannan a ciro hula a auna. Wani zai lura cewa kan mutum ba cikakkiyar da'ira ba ce, kuma wannan lura ta cancanci yabo. Sai keke: a yi wa taya alama da alli, a auna faɗinta, a yi hasashen nisan juyi ɗaya kafin a gangara ta. Taya mai faɗin santimita 70 tana cin santimita 220 a juyi ɗaya, juyi 50 ke nan mita 110, kuma da haka yara za su iya auna tsawon filin makaranta. Aikin gida shi ne kowa ya nemo abu ɗaya da ba a iya auna faɗinsa kai tsaye, kamar gindin bishiya ko turmi ko randa, ya auna kewayen da zare ya lissafo faɗin. Wannan juya ƙa'idar ne, kuma nan ake gane wanda ya fahimta da wanda ya kwafa.

Mataki na 9: Duba fahimtar kowane yaro shi kaɗai

Aikin rukuni yana ɓoye masu rauni, don haka washegari ka ba da tambayoyi uku a ƙaramar takarda, kowa shi kaɗai. Ta farko lissafi ne kai tsaye: rijiya mai faɗin mita 1.4, nawa ne kewayenta? Amsar mita 4.4 ce. Ta biyu: wani rukuni ya sami 2.5, me kake zaton ya faru? Ta uku: idan aka ninka faɗi biyu, me zai sami kewaye, kuma don me? Ka yarda su amsa ta biyu da ta uku da Hausa idan Turanci zai tauye su, domin tunaninsu kake son gani. Ka kasa takardun kashi uku, waɗanda suka ci duka, waɗanda suka ci ta farko kaɗai, da waɗanda ba su ci ko ɗaya ba. Kashi na biyu su ne suka haddace ba su gane ba, ka mai da su kan zare da kwano na mintuna goma. Kashi na uku sau da yawa matsalarsu karanta rula ce ko rabawa, ba da'ira ba, kuma can za ka koma da su.

Game da lokaci, ba kowane darasi ne zai samu wannan hidima ba, kuma malamin da ya ce zai yi haka kullum ba zai gama manhajar zango ba. Ka zaɓi darussa biyu ko uku a zango, waɗanda yara ke zuwa da gurguwar fahimta a kansu kuma ana iya gwada su da hannu: jimillar kusurwoyin alwatika da takardar da aka yage kusurwoyinta aka jera su a kan layi, haɗa batir da wayar lantarki da ƙwan tocila kafin a buɗe PhET, manhajar kwaikwayon gwaje-gwajen kimiyya ta jami'ar Kolorado, ko abin da ke nitsewa da abin da ke yawo a kan ruwa. Abubuwan da mutane suka yi ittifaƙi a kansu kawai, kamar sunayen siffofi da alamomin lissafi da yawan santimita a mita, waɗannan faɗa ake yi a maimaita, domin babu abin da za a gano a cikinsu. Idan mintuna 40 kaɗai gare ka a rana, ka tsaya a ƙarshen mataki na 4 ranar farko, ka karɓi takardun awon ka riƙe a wurinka don kada su ɓace, ka fara rana ta biyu da jadawalin allo.